Hannun Badamasi a Garkokin Kiyako

A unguwarmu a Kiyako, idan mace ta ga ganyen tumatirinta ya canja, ba mijinta take tambaya ba. Aikawa take yi a kira mata Badamasi. Sa'ana ne, katanga ce kawai tsakanin gidana da nasa, kuma tare aka yi mana kaciya, don haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba. Da na tambaye shi ko in faɗa, sai ya ce, "Faɗi, Sada. Me ya rage?"

Mahaifinsa ya rasu yana saurayi, ya bar masa uwa da ƙanne da 'yar gona mai yashi. Da an gama girbi sai ya naɗe tabarmarsa ya tafi ci-rani wajen Gwaram, yana yi wa masu lambu aiki a fadama. Ban ruwa, dashe, cirar ciyawa, ɗiban kaya a kwando. A can ya koyi tumatir da tattasai da attaruhu. A can kuma ya koyi cin tabar gari. Ya ce wani tsoho ne ya fara ba shi, ranar da ciwon haƙori ya hana shi aiki, ya ce ya danna a wurin. Haƙorin ya yi shiru, tabar kuwa ta zauna.

Da ya yi aure ya daina zuwa ci-rani, ya kewaye wani fili a gefen gidansa da dangar kara, ya yi garka. Daga nan mata suka fara gani. Kowace tana da 'yar garkarta a cikin gida ta kayan miya, kuma kowace shekara akwai abin da yake cinye mata. Badamasi ba ya gaggawa. In ya shiga sai ya tsuguna, ya juya ganye ya dubi bayansa, ya murza shi tsakanin yatsu, ya sansana. In ya girgiza shuka ya ga wasu fararen ƙwari ƙanana sun tashi kamar an busa gari, sai ya ce farin ƙuda ne, a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a ɗan sa sabulu, a yayyafa da yamma har ƙarƙashin ganyen. In ganye ya yi danƙo tururuwa na hawa da sauka, darɓa ce. In ya ga farar hanya a cikin ganye kamar an yi zane, tsutsa ce ta shiga tsakani, a tsinke ganyen a binne shi da nisa, kada a yar a gindin shukar. Wata rana matata Ummussalma ta kawo masa tumatir duk gindinsu ya yi baƙi ya lotsa, tana rantsuwa wani ya yi mata baki. Ya juya shi a hannu ya ce, "Babu mai baki sai ke. Kina barinsa ya bushe ƙamas, sannan ki zo ki cika shi da ruwa don ki rama. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kullum, ki rufe gindin da ciyawa." Ta yi fushi, ta kuma yi yadda ya ce.

Matarsa Mero ba ta taɓa son tabar nan ba. Shekaru tana share tofin a tsakar gida tana mita, shi kuma yana yi kamar bai ji ba. Sai da ɗansu Ikrima ya ga yarinya a Gwaram, Zahara'u, 'yar gidan malamai masu makarantar allo da Islamiyya. Ana shirin zuwa neman aure Mero ta ce masa, "Da wannan bakin za ka zauna gaban malamai ka nemi 'yarsu?" Ya ciro battar tabar daga aljihu ya jefa a murhu. Ranar Juma'a ya faɗa a gaban mutane cewa ya bari, kuma ya bari ɗin da gaske. Na ga yadda ya sha wuya, yana zaune gumi na keto masa, yana cin goro kamar akuya.

Liman ya ji daɗin abin ƙwarai. In yana yi wa samari faɗa kan sigari sai ya ce, "Ku dubi Malam Badamasi. Ya fi ku daɗewa a ciki, ya fita rana ɗaya." Mata kuma suka ɗauko tasu maganar, wai tun da ya tsarkake bakinsa Allah ya sa wa hannunsa albarka. Daga nan abin ya zama al'ada. Mace ta yi renon irinta a tsohon kasko, in ya isa dashe ba za ta sa ko ɗaya a ƙasa ba sai Badamasi ya zo ya dasa mata layin farko da hannunsa. In shuka ta tasa, shi zai dawo ya tsinke 'yan rassan da ke fitowa a hammata da farcensa. Ba ya karɓar komai. In an matsa masa, ƙwaryar fura.

Mutum ɗaya ne bai yarda da wannan ba, wato Ɗan'auta, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Tun suna yara kowa yake kiran ɗan'uwansa bawa. Ɗan'auta ya hana matarsa kiran Badamasi garkarsu. "Ni nawa hannun najasa ne?" in ji shi. "Bawana ya shigo mini garka ya koya mini shuka? In ya taka ƙofar nan sai na sa shi sharar turken awaki." Badamasi yakan yi murmushi ya ce, "Bar shi, ƙwarin ma sun san gidan yunwa, ba sa zuwa."

Mero ta rasu da bazara, bayan 'yar gajeruwar jinya. Badamasi dama ba mai magana ba ne, sai ya ƙara yin shiru. Zahara'u ce ta karɓi hidimarsa, abinci da wanki da shara, ga ɗanta Khalifa a baya. Tsakaninsu akwai kunya irin ta suruki da suruka. Takan ajiye kwano ta durƙusa ta gaishe shi fuskarta a gefe, shi kuma bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce uwar Khalifa. Na lura ya fara yawan zuwa Gwaram ranar kasuwa. Ya ce goron can ya fi kyau. Ban kawo komai a raina ba.

A farkon damina Zahara'u ta je ganin gida ta dawo da iri daga wurin mahaifiyarta, tattasai mai kauri da wani tumatir mai nama. Yarinya ce mai son a saba da ita, don har lokacin 'yar Gwaram ake ce mata. Ta ƙulla irin a 'yan tsummoki ta bi gida-gida tana rabawa. Mata suka karɓa da murna, suka rena, Badamasi ya bi ya dasa musu kamar kullum.

Shuka ta kama da kyau. Sai da ta fara neman fure sannan abin ya bayyana. Ganye ya yi dabbare-dabbare, nan kore mai duhu, nan fari-fari kamar an ɗiga ruwan kanwa. Sababbin ganyen suka yamutse, wasu suka tsuke suka zama kamar zare. Shuka ta tsaya ba ta gaba. Wadda ta daure ta yi 'ya'ya, ƙanana ne masu tabo. Ya fara a garkar Badamasi, ya shiga tamu, sai ga shi a kusan kowane gida.

Badamasi ya bi su duka. Ya juya ganye, babu ƙwaro a baya. Ya tuge shuka ya duba saiwa ko ta yi ƙulle-ƙulle, ya tarar da ita fes. Ya sa an yayyafa darbejiya, an barbaɗa toka, babu abin da ya canja. Kuma duk inda ya shiga yana murzawa, yana sansanawa, yana tsinkewa. A tsakar gidana ne, mata sun kewaye shi suna tambaya, ya goge hannu a riga ya ce, "Na taɓa ganin irinsa jefi-jefi a lambu. Masu lambun kan ce laifin iri ne." Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa. Bai ma tuna daga ina irin ya fito ba sai da ya ga matan suna kallon juna.

Maganar Badamasi a kan tumatir ba a ja da ita. Kafin mako ya zagayo an gama yanke wa Zahara'u hukunci. Ummussalma ta ba ni labarin wani taron suna da aka yi, Zahara'u ta miƙa wa wata tsohuwa daddawa, tsohuwar ta janye hannu ta ce, "Riƙe kayanki, 'yar nan, kar miyata ma ta yamutse." Aka yi dariya. Wata ta ce ai gidan malamai ba su san ƙasa ba, allo suka sani. Yarinyar ta daina fita. Ikrima ya same ni a gona ya ce tana ta roƙonsa ya mayar da ita gida ta ɗan kwana biyu, shi kuma yana tsoron in ta tafi a haka dawowar za ta yi wuya.

Mai unguwa ne ya samo malamin gona, wani saurayi mai suna Munzali, ya zo a babur daga Birnin Kudu. Ya shiga garkoki, ya ɗaga ganye yana duba shi a hasken rana, sannan aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, mata suna saurare daga cikin zaure. Ya ce wannan ba ƙwaro ba ne, cuta ce da ido ba ya ganin abin da ke kawo ta, kuma babu maganin feshi da zai warkar da shukar da ta kama. Ya ce tana bin hannu, tana bin wuƙa, takan bi iri wani lokaci. Sannan ya ce asalinta cutar ganyen taba ce, kuma tana iya zama a cikin taba ko ta bushe, ko an niƙa ta. "Don haka zan tambaya, Baba, ku yi haƙuri. Akwai mai shan sigari ko mai cin taba da yake taɓa shukokin nan?"

Aka fashe da dariya. Liman ya ce, "Yaro, ka zo a makare. Mai ci ɗaya ne a cikin dattawan nan, ga shi can zaune, kuma ya daɗe da bari. Da shi nake misali."

Ina kusa da Badamasi a kan tabarma. Na ga hannunsa ya tashi zuwa aljihun rigarsa, ya tsaya a hanya, ya koma kan gwiwa. Bai ɗago kai ba.

Ɗan'auta ya ce, "Ni kuwa irin 'yar Gwaram ɗin nan matata ta shuka, malam. Je ka ga tattasaina, kamar kunnen jaki."

"Kai ai ko cuta gudun gidanka take," wani ya ce, aka sake dariya.

Munzali ya ce ba kowace ƙwayar iri ce take ɗauke da ita ba, don haka ba zai rantse ba, amma in babu mai taba to ya fi kyau a bar wannan irin. Ya ce a tuge duk wadda ta kamu a ƙone, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa mai lafiya, kuma baɗi kada a sa tumatir ko tattasai a wurin, a sa masara ko wake. Hadari ya taso, ya hau baburinsa ya tafi. Aka watse, kowa ya ƙara tabbata laifin iri ne.

Washegari da safe na ji motsi ta bayan katanga. Na zagaya na tarar da Badamasi yana tuge shukarsa yana tarawa a tsakiya. Na kama masa. Can sai ya zauna a kan wani turmi da ya fashe, ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ɗan gwangwani ya ajiye a ƙasa tsakaninmu. Ban buɗe ba, warin ya isa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun bayan arba'in ɗin Mero. Ɗakin ya yi mini faɗi, Sada." Ya nuna mini yatsunsa. "Da safe nake ɗiba da yatsun nan, in danna, in bi da goro, in fita a kira ni garka. Gidan Ɗan'auta kaɗai ban shiga ba."

Ni kunya ta kama, kamar ni aka buɗe wa aljihu. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan tarin ganyen.

Ya ce yana tunanin ya daina shiga garkar kowa, ya ce idonsa ne ya yi rauni. Baɗi cutar ba za ta dawo ba, magana ta mutu. Ya tambaye ni ya na gani.

Na ce, "Cutar za ta mutu. Yarinyar fa?"

Muka cinna wa tarin wuta, ɗanye ne, sai hayaƙi.

Da la'asar ya turo a kira ni, ya ce in raka shi sashen Ikrima. Abin da ya shirya shi ne ya nemi gafararta a cikin gida, iyaka mu huɗu. Muka yi sallama. Ikrima ya shimfiɗa mana tabarma, Zahara'u ta durƙusa daga bakin ƙofar ɗaki, labule ya rufe rabin jikinta. Badamasi ya juya wajen ɗansa, don ba zai iya fuskantarta ba.

"Ikrima, ka gaya wa uwar Khalifa irinta ba shi da laifi. Ka gaya mata ni ne. Na koma cin abin nan." Ya ƙara da cewa, "Ka ce ta yafe mini maganar da na yi."

Ikrima ya dubi mahaifinsa. Bai sani ba, fuskarsa ta nuna.

Daga bayan labule Zahara'u ta ce, a hankali, "Baba, ba komai. Ni nake wanke rigunanka."



"Nakan kakkaɓe aljihun kafin in jiƙa," in ji ta. "Jiya ma na daure na je, ina cikin zaure na ji abin da malamin ya tambaya. Ban gaya wa kowa ba, Baba, ba kuma zan faɗa ba. Su yi ta cewa iri ne, zai wuce."

Na san Badamasi tun muna tsirara a bakin kududdufi. Na gan shi ranar da aka binne mahaifinsa, na gan shi ranar Mero. Ban taɓa ganin fuskarsa kamar yadda na gan ta a kan tabarmar nan ba. Ya tashi bai yi sallama ba, ya bar takalminsa ɗaya, sai ni na ɗauko masa.

Na zaci gida zai shiga. Sai ya miƙe hanyar gidan Ɗan'auta. Muka same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, da mutane biyu-uku suna hira.

"A'a! Bawana da kansa! Ka zo roƙon tattasai ne, likitan da ya kashe marasa lafiyarsa?"

Badamasi ya ciro gwangwanin ya ajiye a gabansa. "Ga abin da ya kashe su. Ni na bi da shi gida-gida. Yarinyar nan ba ta da laifi." Sannan ya ce, "Bakinka ba ya riƙe magana, shi ya sa na zo wurinka. Ka kai ta ko'ina, har cikin gidaje. Ni ba zan iya maimaitawa ba."

Ɗan'auta ya dubi gwangwanin, ya dubi ɗan'uwansa. Ya ɗauki abin ya jujjuya, ya jefa a aljihunsa. "To," ya ce. "Wannan kam aikin ubangida ne, ya rufa wa bawansa asiri ta hanyar tona shi. Je ka gida." Har mun juya ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa, "Ka ci abinci kuwa yau?"

Kafin magariba maganar ta gama unguwa. Ba zan ce an yi masa da sauƙi ba. Samarin da aka daɗe ana yi wa faɗa da sunansa sun samu abin yi, in ya wuce sai wani ya yi tari. Liman bai ce masa komai ba, ya dai daina ambatonsa, kuma Badamasi ya koma sahun baya a masallaci, kusa da takalma. Tsohuwar da ta ƙi daddawa ta aika wa Zahara'u da kuka da kuɓewa busasshiya, ba tare da wata magana ba. Zahara'u ba ta tafi Gwaram ba.

Tabar kuwa, ba zan yi ƙarya ba. Ya bari, ya koma, ya sake bari. Yanzu in na tambaye shi yakan ce, "Yau dai ban ci ba."

Da damina ta zagayo, garkokin da suka kamu aka sa musu wake da masara, aka gyara wasu wuraren don kayan miya. Irin Zahara'u aka sake shukawa, daga tattasan Ɗan'auta, wanda har yau yake cewa shi ya ceci unguwa. Babu wadda ta aika a kira Badamasi. Kowace ta dasa da hannunta. Sai da ganyen attaruhun Ummussalma ya fara naɗewa, ta yi kwana biyu tana kewaye shi, sannan ta ce mini, "Kira mini maƙwabcinka."

Ya zo. Ya tsaya a bakin danga ya nemi ruwa da sabulu, ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya sake wankewa. Duk da haka bai shiga ba. Ya zaro kara daga jikin dangar, ya miƙa shi ta sama ya nuna wani ganye.

"Juya wancan da kanki," ya ce. "Me kika gani a bayansa?"

"Wasu ƙwari ƙanana kore-kore, sun taru."

"Darɓa ce. Akwai tururuwa?"

"Ga su nan."

"To, darbejiya da sabulu, da yamma."

Ummussalma ta ce, "Haba Malam, shigo mana ka gani da kyau."

Ya girgiza kai. Ya mayar da karan inda ya zaro shi, ya sa hannuwansa biyu a baya, ya ce daga nan ma yana gani.